Ina Za Mu Hau Mu Ga Fitowar Rana a Ƙasar Sakkwato?

Tambaya: Wani matashi daga Mabera, cikin birnin Sakkwato, ya aiko yana cewa: "Malam, ina yawan ganin hotunan mutane a intanet suna hawa dutse da duhun asuba don su ga fitowar rana. Ni da abokaina muna so mu gwada, amma ƙasarmu shimfiɗe take. Akwai inda za mu hau a kusa, ko sai mun je Jos? Wane lokaci ya fi, kuma me za mu riƙa?"

Amsa: Ƙanena, akwai, kuma ba sai kun je Jos ba. Ilimin ƙasa nake koyarwa, kuma fita da ɗalibai kan tuddan da ke kewaye da birnin nan yana cikin aikina, saboda haka abin da zan gaya maka na taka shi da ƙafata. A ƙasa irin tamu tsawon dutse ne abu na ƙarshe da zai dame ku. Abin da zai sa ku ga abin da kuka fita nema shi ne tsabtar iska a watan da kuka zaɓa, da lissafin lokaci, da yardar mutanen da tudun yake a ƙasarsu. Wanda ya daidaita waɗannan, tudu mai mita hamsin ya ishe shi.

Ga dalili. Mutumin da ke tsaye a fili, idonsa yana kaiwa kimanin kilomita 5 kafin ƙasa ta lanƙwasa ta ɓoye masa sauran. In ya hau mita 50, ganinsa zai kai kimanin kilomita 25. In ya hau mita 100, kusan kilomita 36. Ka lura, ninka tsawon bai ninka nisan ba. Mita hamsin ɗin farko su ne suka yi mafi yawan aikin. A ƙasar duwatsu, mutum yana wahalar hawa sosai ne don ya haye saman sauran duwatsun da suka tare masa gabas. Mu nan babu abin da ya tare mana gabas sai itatuwa da gine-gine. Shimfiɗewar da kake gani kamar naƙasa ce, ita ce ta sauƙaƙa muku al'amarin.

Tuddanmu kuma suna da tarihin da ya cancanci a san shi kafin a taka su. Birnin Sakkwato yana kimanin mita 300 bisa teku, a cikin wani babban kwari na shimfiɗaɗɗun duwatsu da ya miƙa har Nijar da Mali. A wani zamani mai nisa teku ne ya rufe wurin nan. Farar ƙasar da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da ita, a ƙarƙashin wancan ruwan ta kwanta, kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce. In ka tsinci ɓallin dutsen ka juya shi a tafin hannunka, sau da yawa za ka ga siffar katantanwa ko ɓawon makankari ya zama dutse, da zanensa da komai. A wajen Goronyo an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku wadda masana suka sa wa suna Goronyosaurus. Waɗannan shimfiɗu sun ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, don haka inda bakinsu ya fito fili, kamar gangaren da ke wajen Dange a hanyar Gusau, goshinsa gabas yake fuskanta. Mai neman fitowar rana ba zai roƙi abin da ya fi wannan ba. Akwai kuma tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda marmara ta rufe samansu ta hana ruwa ya cinye su, irin waɗanda matafiyi ke hangowa a hanyar Illela da kuma wajen Gwandu da Birnin Kebbi. Birnin Sakkwato kansa a kan tudu Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, yana kallon fadamar da Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa. Haka Wurno, inda ya yi ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, a bisa tudu take tana duban fadamar Rima. Magabata sun san darajar hango nesa tun kafin a zo da kyamara. Manyan duwatsu masu tauri da santsin baya, irin na Kwatarkwashi kusa da Gusau, sai an shiga Zamfara ake fara samunsu, inda tsohon dutsen ƙarƙashin ƙasa ya fito fili.

Na ambaci sunayen nan don ka san ƙasarku, ba don ku kama hanya gobe ba. Kai ma ka san halin da ake ciki. Gabashin jihar, wato wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo har zuwa Wurno, ya sha fama da 'yan bindiga, haka ma Tangaza da Gudu a arewa maso yamma, hanyoyin Zamfara kuwa ba sai an faɗa ba. Labarin wuri yana iya canzawa cikin mako ɗaya. Ba na ba kowa shawarar ya yi tafiyar dare a mota don ya riski asuba a kan wani dutse, ko da hanyar jiya lafiya take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ku zaɓi tudun da ke kusa da birni, a gefen ƙauyen da ɗayanku yake da dangi ko abokin karatu, ku je da rana, ku kwana can. Ku kuma nisanci ramukan haƙar farar ƙasa. Wurin aiki ne, bakinsu yana zaizayewa, kuma ba a shiga sai da izini.

Sai maganar wata, kuma a nan ne yawancin masu sha'awar abin suke yin asara. Mutane suna zaɓar Disamba ko Janairu saboda hutu da sanyi. Amma lokacin hunturu ne, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta shimfiɗa mana hazo. A irin wannan safiya za ka zauna a kan tudu kana jira, gari ya waye fari fat, babu ja babu ruwan ɗorawa, sai can bayan an daɗe ka ga rana ta riga ta yi sama, fara sol kamar faifai, ba ka ga lokacin da ta fito ba. Akan samu 'yan kwanaki a tsakiyar hunturu da hazon ke ɗagawa, to amma ba abin da za a sa rana a kansa ba ne. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana wuce digiri 40, iskar ma ba ta gama washewa ba, kuma da hantsi ya yi kun shiga wahala. Damina tana da safiya masu kyawun gaske, musamman washegarin ruwan dare, sai dai gajimare yana iya toshe gabas, laka tana sa santsi, kuma kan tudu shi ne mafi munin wuri idan hadari ya taso. Duk wanda ya ji tsawa yana sama, ya sauko nan take, kada ya fake a gindin itace guda da ke tsaye ita kaɗai.

Lokacinku shi ne kaka: daga ɗaukewar ruwa a ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauka. Ruwan damina ya wanke iska, fadama tana nan kore, tabkuna cike, akwai ɗan siririn gajimare a sama wanda shi ne ke kama launi. Sama wadda babu gajimare ko kaɗan ba ta yin ado sosai. Wadda ta fi kyau ita ce mai gajimare sama-sama, ƙasanta ta gabas kuma a buɗe. Makonni shida ne ko bakwai a shekara, kada ku bari su wuce.

Yanzu lissafin agogo. A Sakkwato rana tana fitowa tsakanin kimanin 6:12 a farkon Yuni da 7:05 a ƙarshen Janairu. A tsakiyar Oktoba wajen 6:30 ne, alfijir kuma yana ketowa wajen 5:20, wato sa'a ɗaya da minti goma kafin nan. Kada ku ɗauki lokacin wani gari. Kowane digiri ɗaya na taswirar duniya zuwa yamma yana jinkirta rana da minti huɗu, shi ya sa take riga mu fitowa a Kano da kimanin minti 13, a Maiduguri da fiye da rabin sa'a. Jadawalin lokutan salla da ke wayarka yana da lokacin shuruƙ, wato fitowar rana, na Sakkwato. Shi za ku duba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, fitowar ranar kanta gajeriya ce. A wajenmu, daga lokacin da bakinta ya ɓullo zuwa lokacin da ta fito gaba ɗaya minti biyu ne da 'yan daƙiƙoƙi, domin kusa da tsakiyar duniya rana a miƙe take tasowa. Kyawun da kake gani a hotuna, mafi yawansa kafin ta fito ne, cikin minti arba'in ɗin da suka gabace ta. Wanda ya iso sama daidai 6:30 yana haki ya riski ƙarshen biki. Saboda haka daga baya ake lissafi. Kuna so ku kasance a zaune a sama kafin ƙarfe shida. Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon ma'auni da wani ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. In tudunku yana da kilomita ɗaya daga ƙauye, tsawonsa mita 60, ya kama minti 12 da minti 6, wato 18. Ku ƙara rabin wannan saboda duhu da jiran na baya, ya zama kusan rabin sa'a.

Ka ga amfanin ƙaramin tudu ke nan. Za ku iya yin sallar asuba a masallacin ƙauye tare da jama'a, a gan ku a san ku, ku fita da jijjifi lokacin da mutum ya fara ganin inda zai sa ƙafa, kuma ku isa sama da sauran lokaci. Wannan shi ne tsarin da na fi so a gare ku a wannan zamani. Akwai tsari na biyu, a hau tun kafin alfijir a yi salla a sama, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya fi cika. Amma ba a yin sa sai da rakiyar 'yan garin, a wurin da su da kansu suka ce babu komai.

Maganar 'yan gari ba ta ladabi kaɗai ba ce. Ka sa kanka a matsayin ɗan banga da ya kwana yana tsaron ƙauyensa, ya hango fitilu biyar suna hawa tudu kafin asuba. Me zai zata? Na ji da kunnena wani dattijo yana tambayar baƙi a gindin wani tudu, da sandarsa a kafaɗa: "Ku su wa na? Mi kuka biɗa bisa dutcin ga da duhu?" Yana da gaskiyar tambaya, kuma amsar "kallon rana muka zo" ba ta da sauƙin shiga kunnen wanda ba a sanar da shi tun jiya ba. Da kun isa da la'asar, ku sa mai masaukinku ya kai ku wurin hakimi ko mai unguwa. Ku yi gaisuwa yadda ta kamata, ku faɗi ko ku 'ya'yan wa ne, daga wace unguwa, nawa ne ku, ƙarfe nawa za ku hau, ƙarfe nawa za ku sauko. Ku roƙi a haɗa ku da saurayi ɗaya da ya san hanya, ku kuma sallame shi da abin kirki, domin barcinsa ya bari saboda ku. In an ce muku wani ɓangaren tudun ba a zuwa, ku bar shi. Wani lokaci za a ce wurin iskoki ne. Kada ku tsaya gardama. Sau da yawa akwai tsohuwar maƙabarta a wurin, ko ramin da ke rufta, ko ƙudan zuma a cikin tsaguwar dutse, kuma zumar dutse idan ta tashi ba ta san baƙo ba. A kaka ma akwai wake da gyaɗa da ba a gama cirewa ba, ga dammunan gero a gonaki; ku bi hanyar ƙafa, kada ku ratsa gonar mutum.

Da yammacin nan da kuka isa, ku hau tudun sau ɗaya da haske. Ba na sassauta wannan ga kowa. Ku ga inda hanya ta rabu, inda baki ya yi tsaye, inda za ku zauna. Ku kuma duba inda ranar za ta ɓullo, domin ba wuri ɗaya take fitowa ba duk shekara. A Sakkwato tana gusawa kimanin digiri 24 zuwa arewa da gabas a watan Yuni, da digiri 24 zuwa kudu a Disamba. A wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne kawai take fitowa daga gabas sak. A Oktoba ta ɗan karkata kudu. Kamfas ɗin da ke wayarka zai nuna maka, ko ka tambayi ɗan rakiyarku, wanda zai ce maka daga bayan waccan kukar take fitowa yanzu, kuma zai fi wayar daidai.

Kaya ba su da yawa. Takalmi rufaffe mai kama ƙasa, kambas ko sau-ciki, ban da silifa. Dogon wando mai kauri da safa, domin a kaka ƙarangiya ta nuna, kuma kafin ku yi taki ɗari za ta lulluɓe ƙafar wandonku tun daga idon sawu har gwiwa. A cire ta da tsinke ko da bakin wuƙa, ba da yatsa ba. Ciyawa kuma jiƙe take da raɓa. Kowa da tocilarsa, kada ku dogara da fitilar waya, kuna buƙatar cajinta. Ruwa kamar lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, ku ƙara na alwala in a sama za ku yi salla. Dabino, ƙuli-ƙuli, shayi a filas. Da riga mai kauri a jaka, ko da kun fito ba ku jin sanyi: mafi sanyin lokaci a yini shi ne daf da fitowar rana, ga iska a sama, ga gumin hawa yana bushewa a jiki. Sanda irin ta makiyaya tana da amfani biyu, tokarawa da bubbuga hanya.

Bubbuga hanyar saboda maciji ne, musamman kububuwa. Gajeriya ce, launinta launin tsakuwa, tana son wuri mai duwatsu, da dare take yawo, kuma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a arewacin Najeriya domin dafinta yana hana jini daskarewa. Kada ku sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse, ku haska wuri kafin ku zauna, kunama ma tana nan. In Allah ya ƙaddara sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum, a nufi babban asibiti kai tsaye ko da yana cewa ba ya jin komai, domin jinin yakan ɓalle ne daga baya. Shi ya sa nake so tun da yamma ku san wa yake da babur ko mota a ƙauyen, ku karɓi lambarsa.

To, kun isa, kun zauna. Ku kashe fitilu. Ido yana ɗaukar minti ashirin zuwa talatin kafin ya saba da duhu sosai, kuma kallon waya sau ɗaya yana mayar da shi baya. Waɗanda suka hau tun kafin alfijir a daren da babu wata a sama, za su iya ganin abin da muka karanta a littattafan fiƙihu tun muna yara, wanda fitilun birni suka ɓoye mana: alfijir na ƙarya. Wani farin haske ne marar ƙarfi da ke miƙewa tsaye daga gabas, faɗi a ƙasa, siriri a sama. Hasken rana ne yake dukan ƙurar da ke yawo a sararin samaniya tsakanin duniyoyi, kuma Satumba da Oktoba suna cikin lokutan da ya fi fitowa da asuba. Bayansa sai na gaskiya, wanda ke kwanciya a faɗin gabas yana ƙaruwa, shi ne ke shigo da lokacin salla ya kuma haramta ci ga mai azumi. Duk ɗalibin da ya ga bambancin nan da idonsa sau ɗaya, babin ya zauna masa har abada. Don ganin wannan ku zaɓi kwanaki goman farko na watan Musulunci, lokacin da wata ya riga ya faɗi kafin asuba. In kuwa hasken hanya kuka fi so, ku zaɓi daren sha huɗu zuwa ashirin. A sha huɗu da sha biyar ma za ku sami wata yana faɗuwa a yamma daidai lokacin da rana ke tasowa a gabas. Gamzaki kuma ba kullum yake fitowa da asuba ba, wasu watanni da yamma ake ganinsa, sai ku duba tun daga gida.

Daga nan launi yake farawa, ja mai duhu a can ƙasa, sai ruwan goro, sai ruwan ɗorawa yana hawa. Dalilin jan shi ne, hasken da ke zuwa a kwance yana ratsa iska mai kauri fiye da sau talatin na wadda yake ratsawa da tsakar rana, shuɗin da ke cikinsa ya watse a hanya, ja ya iso. Kamar minti goma sha biyar kafin ta fito, ku juya ku dubi yamma, abin da kusan kowa yake mantawa. Za ku ga wani shuɗi mai duhu kwance a ƙasan sama, da ja-ja mai haske a bisansa. Wannan duhun inuwar duniya ce da kanta, tana nutsewa.

Ku dubi ƙasa kuma, domin a wurina nan ne daɗin yake. Da dare iska mai sanyi tana gangarawa ta taru a kwari, saboda haka a safiyar kaka za ku ga farin tururi kwance a kan fadama, kawunan giginya da na kuka kaɗai suka fito. Hayaƙin murhun farko a ƙauye zai tashi kaɗan, sai ya lanƙwasa ya bazu a kwance, domin iskar da ke bisansa ta fi ta ƙasa ɗumi, ta hana shi wucewa. Sauti ma yana tafiya nesa a irin wannan iska: za ku ji dakan turmi da kukan jaki daga ƙauyen da ba ku ma hango shi ba, fakara tana ƙara a cikin sabara, balbelu suna wucewa a jere zuwa wajen shanu. Sannan bakin rana ya ɓullo. A daidai wannan lokacin, a haƙiƙa tana ƙasa da iyakar gani. Iska ce ta lanƙwaso haskenta ta ɗago muku ita da kimanin faɗinta guda, shi ya sa ma kuke ganinta a ɗan taushe.

Da ta rabu da ƙasa ta fara yin fari, ku daina kallonta kai tsaye. Tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma kada kowa ya dube ta da madubin hangen nesa ko na daƙiƙa ɗaya. Mai son hoto ya goge gilashin wayarsa, ya taɓa sararin sama a kan allo ya rage haske, in ba haka ba jan zai fito fari. Wanda ya yi asuba ya zauna yana zikiri, ya tuna ba a nafila sai rana ta ɗaga kamar tsawon mashi, kimanin minti 15 zuwa 20 bayan fitowarta.

Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma a nan ake samun yawancin targaɗe. An gaji, an ga abin da aka zo gani, hankali ya koma gida. Saman tuddanmu cike yake da ƙananan tsakuwar marmara masu mulmulewa a ƙarƙashin takalmi. Ku sauko a karkace, gajeren taki, sanda tana gaba, ku bar tazara tsakaninku don dutsen da na sama ya ture kada ya sami na ƙasa. Kada a yi tsere. Ku kwashe ledojinku da robobin ruwa, dabbobin mutane suna kiwo a wurin kuma leda tana kashe su. Kafin ƙarfe takwas ku kasance a ƙasa, ku koma ku gaya wa hakimi kun sauko lafiya, domin shi ma yana lissafin ku.

In kun yi wannan kuka ji kuna son abin da ya fi shi, akwai mataki-mataki. Dutsen Dala a Kano yana da matakala, a tsakiyar gari yake. Duwatsun Shere a gefen Jos sun kai kimanin mita 1,829 bisa teku, kuma a can za ku fara jin aikin tsawo, domin zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a kowane mita 1,000. Rigar da ta ishe ku a Dange ba za ta ishe ku ba. Mafi tsawo a Najeriya shi ne Chappal Waddi a jihar Taraba, mita 2,419, a gandun dajin Gashaka Gumti kan iyakar Kamaru. Ciwon ƙarancin iska da ke kama masu hawa Kilimanjaro, mai mita 5,895, yawanci sai an haura mita 2,500 yake farawa, don haka ba shi ne damuwarku a can ba. Damuwarku ita ce ƙafa da huhu da nisan hanya. Tafiya ce ta kwanaki, ana shirya ta da ma'aikatan gandun, waɗanda hedikwatarsu ke Serti, kuma su ne za su gaya muku ko hanya tana biyuwa a lokacin. Kafin ku sa ranarta ku yi wata biyu kuna tafiyar sa'a ɗaya kullum da jaka a baya, da takalmin da za ku je da shi.